Tsokar Yaya a Cikin Kula

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da mun tashi daga aiki mun zauna a bencin mai shayin da ke bakin get ɗin kamfaninmu na roba a Sharaɗa, sai wani ya ɗago kai ya ce, "Nafi'u, wai yaya Ganar ne?" In ce lafiya lau. Su ce ba gaisuwa suke so ba, labari suke so. Wani yana son ya ji ko da gaske ne can ba a ɗauke wuta, wani kuma matan Gana yake tambaya, shi da ko Zariya bai taɓa takawa ba. A lokacin bakina a ɗaure yake, domin akwai maganar da bai kamata a ji ta a teburin shayi ba kafin a ji ta a gida. Yanzu an ji ta a gida. To ga labarin, ku bar ni in sha shayina.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Yayana Mamuda ne ba shi da lafiya. Shi ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na wajen Gumel, ya ajiye ni a ɗakinsa, ya bi ya samo mini wannan aikin da nake taƙama da shi. Shi kuwa a kamfanin fata yake a Challawa, inda warin wurin kaɗai ya isa ya hana mutum cin abinci, amma Yaya bai taɓa barin loma a kwano ba. Sai ga shi abinci ya fara tsaya masa a ƙirji. Da farko nama ne, daga baya tuwo, har ta kai sai kokon da aka tace aka sake tacewa. A asibiti suka zura masa wata roba mai kyamara ta baki, suka tsinko 'yar tsoka, suka ce ciwon daji ne a daidai inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi. Aka yi masa ƙarin ruwan nan da ake kira kemo. Gashinsa ya zube, ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu, ciwon kuwa ko gezau.

Sai likitansa ya zaunar da mu ya ce akwai sauran dabara guda. Ya ce ƙwayoyin irin wannan ciwo suna da wasu abubuwa a jikinsu kamar kunnuwa, da su suke jin umarnin da ke cewa su yi girma su hayayyafa. A wasu marasa lafiya kunnuwan sun yi yawa fiye da kima, kuma akwai maganin da yake toshe su, ciwon ya kurumce ya lafa. Amma sai kunnuwan suna da yawa maganin ke samun abin kamawa. Sunan gwajin HER2. An yi na farko a nan Kano, ya fito tsaka-tsaki, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Dole a yi wani mai zurfi, inda ake yi a Legas kuma sinadarinsu ya ƙare, suna jiran kaya. Ya ce ya san wani ɗakin gwaji a Akara, babban birnin Gana, da za su yi ba jira, kuma ana iya aika tsokar ta kamfanin kai saƙo. Ni kuwa na yi dako a wani sito a Bompai kafin in samu aikin roba, na san yadda kwalin mutane yake wuni a bayan mota rana tana gasa shi. Tsokar nan ita kaɗai ta rage, Yaya ba shi da ƙarfin da za a sake zura masa roba. Na ce da hannuna zan kai.

Da muka koma gidansa a Panshekara muna maimaita sunan gwajin, mahaifiyarmu Iya, wadda ta zo jinya daga ƙauye, ta ce, "Wace ce kuma Hatu?"

Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Amarya ce, Iya. Nafi'u zai je Gana ya nemo mini aurenta."

Matarsa, Anti Rabi, ta ce, "In dai za ta sa ka ci tuwo, ni zan share mata ɗaki."

Abin da aka ba ni a asibiti bai kai gidan ashana ba. 'Yar roba ce an cika ta da kakin kyandir, a tsakiyar kakin akwai ɗigon tsoka kamar ƙwayar riɗi. Aka ce kada zafi ya taɓa shi, in ya narke shi ke nan. Anti Rabi ta wanke 'yar kularta ta zuba abinci, ta naɗe abin a hankici ta saka a ciki, ta rufe. Na roƙi oganmu hutu, ya ba ni yana ɓata rai. Na rungumi kula na nufi tashar dogayen motoci ta Sabon Gari.

Kafin mu wuce Na'ibawa na riga na buɗe kular nan na leƙa, na rufe, na sake buɗewa. Kusa da ni wata Hajiya ce mai jiki, Hajiya Balaraba, 'yar kasuwa mai saro atamfa a Kwatano. Tun daga Kwanar Dangora ta fara fito da guzuri, dambun nama, cincin, dafaffen ƙwai, kuma duk abin da ta buɗe sai ta miƙo ta ce bismillah. Ina karɓa ina ci, domin ni ban tuna na riƙo komai ba. Da muka tsaya salla a Kaduna na shiga masallaci da kular, na ajiye ta a gabana. Da muka tsaya cin abinci a Lokoja na ɗora ta a cinya, na kare ta daga rana da hulata. A nan haƙurin Hajiya ya ƙare.

Ta ce, "Kai ɗan nan, na ga marowata a duniya, amma irinka ban taɓa gani ba. Ka cinye mini dambu, ka cinye mini ƙwai, kai kuma ka ƙanƙame kula kamar jaririya. Ko kaza amarya ta soya maka, aka ce kada ka ba kowa?"

Mutanen da ke kusa suka fashe da dariya. Kunya ta kama ni, na sunkuya na faɗa mata a hankali abin da ke ciki. Ta ajiye kifin da ke hannunta. Ta ce in buɗe ta gani, na buɗe. Ta daɗe tana kallon ɗigon nan, sannan ta ce, "Ikon Allah. Wannan ɗan abin ne ya kayar da ƙaton namiji?" Daga nan ta tashe ni daga gefen taga ta koma wurin, wai jikinta ya fi nawa tare rana. Haka ta zauna tana gumi har Legas, kuma ba ta daina ba ni dambu ba.

Legas ban gan ta ba balle in ba ku labarinta. Hajiya ta ja ni kamar raƙumi da akala daga wannan mota zuwa waccan, ina jin ihu da ham da warin kwata, sai ga mu a bodar Seme. A nan ne na kusa jawo wa kaina abin da ya fi ƙarfina. An duba takarduna da katin rigakafi, komai daidai. Sai wani jami'i ya nuna kular ya ce in buɗe. Ya warware hankicin, ya ɗaga robar sama yana juyawa, ya tambaye ni da Turanci mene ne wannan. Ku da kuka san Turancina na kamfani kun san iyakarsa, na gaishe da oga ne da karanta lambar inji. A Hausa kuma nama nama ne, na rago da na mutum duk suna ɗaya. Sai na juya shi kai tsaye, na ce masa naman yayana ne, da ainihin kalmar Turancin da ake sayen tsire da ita.

Mutumin ya ja da baya. Ya kira wani, wanin ya kira wata. Kafin in ankara an kewaye ni, 'yan canji da masu tallan ruwa sun taru, wani yana cewa ga mai safarar sassan mutane an kama. Ina ta laluben takardar da likita ya ba ni, na manta a cikin safa na soke ta. Amma wallahi ba kamun ne ya fi damuna ba. Sun ajiye robar a kan tebur, tebur ɗin na ƙarfe ne, rana kuma ta take. Idona yana kan kakin nan, ina ganin kamar ya fara sheƙi. Na miƙa hannu zan janye shi inuwa, aka daka mini tsawa.

Hajiya Balaraba ce ta ratso taron da jakarta a kai. Ta yi musu Yarabanci, ta yi musu Faransanci, ta koma Hausa don ta samu ta zage ni da kyau. "Kai wane irin sakarai ne? Ina takardar asibitin? Nama? Mahauci ne kai?" Ta zare mayafinta ta lulluɓe robar ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Da takardar ta fito, babbansu ya karanta, ya dube ni, ya yi dariyar da ya kasa riƙewa. Ya naɗe abin da kansa ya mayar mini cikin kula, ya ce Allah ya ba ɗan'uwana lafiya, amma don Allah a boda ta gaba in rufe bakina in miƙa takarda kawai.

A Kwatano na ga acaɓa da idona, irin wanda aka hana mu a Kano, ga su nan kamar fara, kowa da rigarsa ruwan ɗorawa. Mata ma suna tuƙa babur, wata da goyo a baya da buhun shinkafa a gaba, ba mai ko kallonta. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mai tauri, in ka gutsura sai ya kankare maka dasashi. Hajiya ta kai ni masaukin 'yan kasuwa kusa da babbar kasuwarsu, inda na kwana a tabarma tsakanin dilolin atamfa da kular a ƙarƙashin hammata. Da safe ta damƙa ni a hannun wani direba, ta ce masa, "Ga amana, ba shi da wayo." Ni kuma ta ce mini, "In ka samu labari mai daɗi ka yi sadaka, ko da ƙosai ne." Ban karɓi lambarta ba, har yau abin yana damuna.

Togo ba ta da faɗi. Ina cikin fama da burodin nan na sanda aka ce mu sauko, mun iso bodar Gana. Na rufe bakina na miƙa takarda.

A Akara direban ya sauke ni a Nima, unguwar da suke kira zango, a gidan wani dattijo mai saukar baƙi, Alhaji Tanko. Kakansa ne ya zo fataucin goro daga Kano bai koma ba. Shi bai taɓa zuwa ba, amma ya tsare ni da tambaya, ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata, ko Dala ta kai tsawon da kakansa yake faɗa. Hausarsu Hausa ce, kana jin komai, sai dai ba ta san mace ba. Kowa namiji ne a bakinsu. Ya ce mini, "Matana ya dafa maka tuwo, yanzu zai kawo." Na yi ta waige ina neman wane ne wannan, sai ga wata tsohuwa ta fito da tire. Abincinsu kuma duk sunayenmu ne aka kai can aka canza musu hali. Tuwon zafi suke ce wa tuwonsu, mai laushi ne, da miyar ayoyo. Wake da shinkafa sun taƙaita shi ya koma wace, suna dafa shi da karan dafi ya yi ja, su tula masa taliya da garin rogo da wani baƙin yaji da ya sa na yi hawaye a gaban mutane. Koko kuwa har sunanmu suka liƙa masa, kokon Hausa, amma citta da barkonon da ke ciki sun fi ƙarfin wanda Iya take damawa. Duk lomar da na kai baki sai na tuna Yaya da na baro yana fama da cokalin koko, sai abincin ya ƙi wucewa.

Washegari na kai kular ɗakin gwajin. Mai gadin wurin ɗan zango ne, Malam Isifu. Ya karɓe ni hannu biyu, ya zaunar da ni a benci, ya ce, "Likita yana ciki, shi zai fito ya kira ka." Na zauna. Wata mata mai farar riga ta leƙo ta yi mini magana, na ce mata likita nake jira. Ta koma. Can ta sake fitowa ta miƙo hannu za ta karɓi kular, na ƙanƙame abata na ce ba zan ba kowa ba sai likita. Har aka yi azahar ina nan ina kaɗa ƙafa, ina cewa a raina ashe likitocin Gana ma sun iya shanya mutum. Da Malam Isifu ya dawo daga salla ya gan ni, ya riƙe baki. Ya nuna matar nan ya ce, "Kai, ai shi ne likitan! Tun safe yana nemanka!"

Ta yi dariya, ba ta ji haushi ba. Ta duba kakin a gaban fitila ta ce bai narke ba, tsokar tana nan lafiya. Na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Ta ce in ba su 'yan kwanaki.

Kwanakin nan su ne mafi tsawo da na taɓa yi. Ba ni da abin runguma kuma, hannuna ya rasa inda zai zauna. In zauna a ƙofar gidan Alhaji, in tashi, in zaga kasuwa, in dawo, in kira gida. Kullum muryar Yaya tana ƙara yin nisa, kullum kuma sai ya ce, "Yaya amaryar tawa, ta amince?" Ran Asabar na ji kiɗa da kalangu irin nasu a wani fili, mutane cikin baƙaƙe da jajayen kaya suna rawa, ga rumfuna, ga abinci, ga hoton wani tsoho an buga ƙato kamar na ɗan takara. Na ce wa Alhaji Tanko wannan wane irin biki ne. Ya ce jana'iza ce ta waɗanda ba Musulmi ba, mutumin ya yi watanni a firjin asibiti ana shirin sallamarsa. Na yi mamaki ƙwarai. Mu da in mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta ana zaman gaisuwa. Sai tunanin ya juya mini, na ga in wani abu ya faru a Panshekara ina nan, ko ƙasar kabarin ba zan samu zubawa ba. Na bar wurin da sauri na sake kiran gida, Anti Rabi ta ce, "Nafi'u, yanzu fa ka kira."

Ranar da sakamakon ya fito likitar ba ta nan, ta shiga taro. Wata ma'aikaciya ta miƙo mini ambulan ta ce in dawo bayan la'asar in karɓi ragowar tsokar, likita kuma tana son ganina. Ban kai bakin get ba na farke ambulan ɗin. Rubutu ne cunkus wanda ban gane ko ɗaya ba, sai kalma guda da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban sunan gwajin. Negatif.

Kada ku tambaye ni inda bayanin kunnuwan nan ya tafi. Kalmar ce ta rufe mini ido. Duk rayuwata negatif alheri ne. Da za a ɗaura mini aure aka yi mana gwajin jini, negatif, aka yi murna. Da aka yi mana gwajin ciwon hanta a kamfani, wanda ya samu negatif shi ya koma bakin inji, ku shaida ne. Lokacin korona ma haka. Ban taɓa jin an ce negatif an yi kuka ba. Na yi sujada a kan simintin wurin, na tashi na danna waya.

"Anti Rabi, ya fito! Negatif!"

"Me ka ce?"

"Negatif! Babu komai!"

Guɗar da ta rangaɗa sai da na janye wayar daga kunne. Na ji ƙafafu suna gudu, na ji maƙwabta suna tambaya, na ji ana ta alhamdu lillahi. Iya ta karɓi wayar ta ce, "Auta, Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka." Na sayi ƙosai na raba wa yara da almajiran bakin masallacin Nima kamar yadda Hajiya Balaraba ta ce. Na saya wa Anti Rabi sabulun Gana, na saya wa Yaya wata riga mai faɗi irin tasu ta saƙi, ina cewa in ya mayar da jikinsa za ta yi masa daidai.

Bayan la'asar na koma ina washe baki, na ce Malam Isifu ya shigo ya taya ni yi wa likita godiya da Turanci mai kyau. Ta dube ni, ta dubi takardar, fuskarta ta canza. Ta ce in zauna. Ta yi magana a hankali, Malam Isifu yana juya mini.

"Ya ce sun nemi abin nan, kunnen, sun ƙirga da kyau." Ya tsaya, ya saurare ta, ya sunkuyar da kai. "Ya ce kunnen ba shi da yawa. Shi ne negatif. Ya ce ba ciwon ne babu ba. Ciwon yana nan. Maganin ne ba zai samu wurin kamawa ba."

Na ce ya sake tambayarta. Ya sake, amsar ba ta canza ba. Ta ce wannan ba ya nufin an gama, in koma wurin likitansa, akwai wani kemon da za a iya gwadawa, akwai kuma abin da ake sakawa a buɗe hanyar abinci ya samu ya riƙa haɗiya. Ina jin ta, amma guɗar Anti Rabi ce take ta yawo a kaina. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na ji haushin kaina kamar in mari fuskata. Ta saka mini robar a kula da hannunta. Malam Isifu ya raka ni har titi.

Dawowa ba ni da labarinta. Na bi bodojin nan ina miƙa takarda kamar gunki. Wayata ba ta huta ba, ku kanku kun kira kuna yi mini barka, na ce muku na gode. In na ɗauko lambar Anti Rabi sai in kasa dannawa, in ce bari mu wuce wannan garin tukuna. Haka na yi ta ɗaga maganar daga gari zuwa gari. Sai da muka wuce Lokoja na lura kular tana gefen taga rana tana dukanta, kuma ban ɗauke ta ba.

Na isa Panshekara da yamma. Tun daga bakin lungu na ga tukwane a waje, an yi sadakar shinkafa. Mata suna fitowa suna cewa, "Sannu da hanya, ɗan albarka." Anti Rabi ta yi lalle. Yaya yana zaune a kan katifa an jingina shi da filo, an yi masa gyaran fuska, ya sa hula. Na durƙusa na gaishe da Iya, na gaishe shi, na fito da tsaraba ina ta surutu a kan tuwon zafi da matan da ke tuƙa babur. Anti Rabi ta ajiye mini kwanon shinkafa ta fita, Iya ta tafi alwala. Muka rage mu biyu.

Ya ce, "Nafi'u."

Na ce, "Na'am, Yaya."

"Tun da ka shigo kake kallon bango. Ni ban canza wuri ba, ga ni nan."

Na buɗe baki, maganar ta fito a karkace. Na faɗa masa duka, kunnuwan, da kalmar, da yadda na yi waya kafin in ga likita. Ina faɗa ina kuka kamar ƙaramin yaro, ina toshe baki kada a ji a tsakar gida. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana kallon hannuwansa.

Ya ce, "Na yi zargin haka. Ai ina wurin da likita ya yi bayani. Da na ji guɗa na ce a raina, ko dai ni ne ban fahimta ba." Ya yi ɗan murmushi. "Na so a ce ni ne ban fahimta ba."

Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Bari in kira su in faɗa musu da bakina, ni na ɓata."

Ya riƙo hannuna, hannunsa ba nauyi ko kaɗan. Ya ce, "Zauna. Ka san Iya ko sunana ba ta faɗa, ɗan fari ne ni, ko kallona ba ta yi a gaban mutane. Ranar da ka yi waya ta shigo ɗakin nan ta zauna a bakin katifar nan, ta ɗora ƙafata a cinyarta tana matsa mini. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin haka ba. Jiya ta cinye kwanonta tas, rabon da ta yi haka tun kafin azumi." Ya numfasa. "Gobe mu je wurin likita ni da kai. In mun ji abin da ya rage, ni zan faɗa musu. Yau ka bar su."

Muka ji takun Iya tana dawowa, tana tasbihi ƙasa-ƙasa. Ya saki hannuna, ya tura mini kwanon da ƙafarsa.

"Goge fuskarka ka ci. In ba ka ci ba za ta gane."

Iya ta shigo ta zauna a bakin ƙofa tana kallonmu, fuskarta fal da farin ciki. Yaya ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya ce, "Rabi, ƙaro wa matafiyi miya!" Na sa hannu a kwanon. Na ci shinkafar nan loma bayan loma, shi da ko ruwa sai ya yi dabara yake haɗiyewa yana kallon bakina yana cewa in ƙara, har na ga ƙasan kwanon.